Suna Linzami: Wasu Kalmomin Turanci Da Maganar Yarda

A ƙarshen daminar da ta wuce, lokacin da ake ta faman cirar gyaɗa a nan Shanono, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama bayan la'asar. Yaro ne mai son rubutu tun yana aji uku, yanzu kuwa yana cikin samarin nan da ke rubuta labari a wayar hannu suna sakinsa babi-babi a WhatsApp. Bayan mun gaisa ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gona, ya tambayi yara, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, akwai wata kalmar Turanci da nake neman Hausarta, amma ina jin nauyin faɗa." Na miƙa masa biro da takarda. Ya rubuta "swinging". A cikin labarin da yake rubutawa akwai wani Alhaji da ya daɗe a Amurka, ya dawo gida da wata ɗabi'a yana son ya jawo matarsa cikinta, shi kuwa marubucin ya rasa sunan da zai kira ɗabi'ar. Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka zama wata guda, abin da na tattara a cikinsu kuwa shi ne wannan maƙala.

Mai karatu zai gafarce ni in faɗi ma'anar sau ɗaya, a fili, don kada mu yi ta zagaye. Abin da kalmar ke nufi shi ne ma'aurata biyu, ko fiye, su haɗu su amince kowane miji ya kusanci matar ɗan'uwansa, da sanin kowa da izinin kowa, bayan haka kowa ya koma gida da iyalinsa. Na san akwai masu cewa irin wannan magana ba ta dace da shafin mujallarmu ba. Amsata gare su ita ce malamanmu na zaure ba su tsallake babin aure da na haddi a Risala saboda kunya, kuma yaran da muke koyarwa sun riga sun ci karo da kalmar a wayoyinsu tun kafin mu ji ta. Abin da ya rage mana shi ne mu san abin da ke cikin buhun kafin mu ɗora wa harshenmu shi.

Sunan da Turawan Amurka suka fara yayatawa a jaridunsu, wajen shekarun 1950, shi ne "wife swapping". Kalmar "swap" ta kasuwa ce da filin wasan yara, irin ba ni gishiri in ba ka manda. Yaro ya ba abokinsa fensir ya karɓi alawa, shi ke nan ya yi ta. Ni da nake koyar da nahawu, abin da ya fara kama idona shi ne ginin maganar. Aikatau ne so-karɓau, aikau ɗinsa miji ne, karɓau ɗinsa kuwa mata ce. Wato maza biyu ne ke ciniki, mata biyu su ne hajar. Ba a taɓa jin sunan ya shahara a juye ba, a ce mata ne ke musayar mazajensu, alhali kuwa in da gaske yardar kowa ce, ai kowace fuska aka karanta shi ya kamata ya yi daidai. Sunan ya tona asirin abin tun kafin masu suka su buɗe baki.

Wannan kallo da ake yi wa mace yana da saiwa mai zurfi a ƙasar Ingila. Waɗanda suka karanta littafin Thomas Hardy, The Mayor of Casterbridge, wanda ya fito a 1886, za su tuna yadda ya buɗe: Michael Henchard ya sha ya bugu a wata kasuwa, ya yi gwanjon matarsa Susan da 'yarta, wani matuƙin jirgin ruwa ya saye su a kan fam biyar da sule biyar. Hardy bai ƙago wannan daga kansa ba. An yi ƙarnuka talakawan Ingila suna ɗaura wa mace igiya a wuya ko a ƙugu su kai ta kasuwa a yi tayi, domin sakin aure ta hanyar doka ya fi ƙarfin aljihunsu kafin dokar 1857. Masanin tarihi E. P. Thompson, a littafinsa Customs in Common na 1991, ya nuna cewa sau da yawa an riga an gama magana tun a gida: matar ta yarda, mai sayen ma masoyinta ne, gwanjon shaida ce kawai a gaban jama'a. To ga tambayar da za ta bi mu har ƙarshen wannan rubutu. Matar ta yarda, amma da igiya a wuyanta aka fito da ita. Yardarta ta kwance igiyar, ko kuwa hanya ɗaya ce tak da ta rage mata ta fita daga gidan da ta gaji da shi?

Su kansu masu yin abin sun ji ɗacin tsohon sunan. A watan Maris na 1973 wasu 'yan wasan besbol biyu na ƙungiyar New York Yankees, Fritz Peterson da Mike Kekich, suka shaida wa 'yan jarida cewa sun yi musayar iyali ɗungurungum: mata, da 'ya'ya, har da karnukan gida. Abin da Kekich ya fi nacewa a kai shi ne kada a kira abin musayar mata, wai rayuwa suka musanya. Peterson ya auri matar Kekich suka daɗe tare. Kekich da matar Peterson kuwa ba su je ko'ina ba suka rabu, ya tashi babu tsuntsu babu tarko. Mutum huɗu suka yarda, biyu suka ci riba. Yara huɗun da aka sauya wa uba a gida, babu wanda ya nemi ra'ayinsu.

Daga nan sai "swinging" ta karɓe fage. Asalin kalmar lilo ne, irin wanda yara ke ɗaurawa a reshen darbejiya, kuma a shekarun 1960 ana kiran duk wani ɗan gayu mai son shaƙatawa da ita. Ku dubi abin da ya faru da nahawun, 'yan'uwa marubuta. An tashi daga aikatau so-karɓau an koma ƙi-karɓau. Mai lilo ba ya lila kowa a cikin jimlar, lilonsa kawai yake yi, ya je ya dawo. An cire mata daga maganar, an cire miji, an cire aure, an bar motsi da iska mai daɗi. Masu goyon baya suna cewa gyara ne, domin sabon sunan ya daidaita mace da namiji. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai kalmar da ta daina nuna wanda aka yi wa abu ta kuma daina nuna wanda za a tambaya idan abin ya ɓaci.

Ba a tsaya nan ba. Daga baya suka koma kiran abin "the lifestyle", wato salon rayuwa, kamar mai cewa shi ba ya cin nama ko yana gudun safe. A nan aikin kansa ya ɓace daga sunan. A 'yan shekarun nan kuma masana da marubutansu sun fi son dogon suna, "ethical non-monogamy", wanda ma'anarsa ita ce rashin tsayawa ga abokin zama ɗaya bisa ɗa'a. Wannan ya fi duk sauran ba ni mamaki, domin an ɗinke hukuncin a jikin sunan. Kamar mai awon hatsi ne a kasuwa ya rubuta "babu algus" a jikin buhunsa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma mai saye ba zai fasa tura hannu ƙasan buhun ba. Shi kuwa tsohon sunan da aka yar, sai ya zama abin raha. A 2003 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya fara wani shiri mai suna Wife Swap, inda matan gida biyu ke musayar gida na mako biyu su yi girki da renon yara a ƙarƙashin dokokin wani gidan, babu wata maganar shimfiɗa a ciki. Na faɗi wannan ne domin mai fassara ya yi hattara, kada ya ga sunan ya yanke hukunci kafin ya duba inda aka yi amfani da shi.

Duk waɗannan sunaye a kan ginshiƙi ɗaya suke tsaye, shi ne yarda. Ya kamata mu faɗi hujjar masu wannan ra'ayi da ƙarfinta, don wanda ya kayar da gunkin kara bai yi kokawa ba. John Stuart Mill, a littafinsa On Liberty na 1859, ya kafa ƙa'idar cewa jama'a ba su da ikon hana baligi mai hankali yin abin da ya zaɓa sai idan zai cutar da wani. A kan irin wannan tunani ne Kotun Ƙoli ta Kanada, a watan Disamba na 2005, ta wanke wani mai gidan rawa a birnin Montreal inda ake irin wannan haɗuwa, bisa cewa ba a nuna cutar da abin ya yi wa jama'a ba. Masu ra'ayin suna ƙarawa da cewa abin da ke kashe aure shi ne ƙarya da cin amana, su kuwa ba su ɓoye wa juna komai ba. Har sukan juyo su ce wa mai suka: kai da kake satar hanya da dare matarka ba ta sani ba, da mu da muka faɗa wa juna gaskiya, wa ya fi ɗa'a? Wannan tambaya tana da dafi, kuma na san mazan da ba za su iya amsa ta ba.

Amma hujjar tana da ramuka. Shi kansa Mill ya ce mutum ba shi da 'yancin sayar da kansa bauta ko da ya yarda, wato ya amince akwai abin da yarda ba ta halatta shi. Sannan ita yardar, a wane ma'auni aka auna ta? Wata mai nazarin zamantakewa, Anne-Marie Henshel, ta tattauna da matan da ke cikin wannan harka a Toronto, ta buga sakamakon a 1973, ta gano cewa a mafi yawan gidajen mijin ne ya fara kawo maganar. Ban ce duk macen da ta ce ta yarda ƙarya take yi ba, akwai masu rantsuwa cewa zaɓinsu ne. Abin da na sani daga zaman duniya shi ne "to" kala-kala ce. Akwai "to" ta mai so, akwai "to" ta wadda aka dama da magiya wata shida, akwai ta wadda ta lissafa 'ya'ya huɗu da rashin wurin komawa. Dukkansu harafi biyu ne a takarda. Alƙali yana iya tsayawa a kan harafin. Marubuci kuwa aikinsa ya fara ne daga inda harafin ya ƙare.

A wajen Musulmi maganar ta fi haka gajarta. Zina haƙƙin Allah ce, miji bai mallake ta ba balle ya yafe ta ko ya ba da izininta. Aure ya halatta masa matarsa, bai mayar da ita dukiyar da zai ba da aronta ba. Ko a dokar ƙasa, Penal Code ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sanya zina cikin laifuffuka a sashe na 387 da na 388, a kan wanda al'adarsa ta ɗauke ta laifi, kuma tun shekarar 2000 Jihar Kano ke da dokar laifuffuka ta Shari'a. Wannan ne ya sa da na zazzage Hausata ban sami kalmar da ɗalibina ke nema ba. Kwarto yana shiga ne maigida bai sani ba. Kawali kuɗi yake karɓa. Kalmar da ta fi kusa ita ce dayyus, wadda muka aro daga Larabci, mijin da ya san ana ɓarna da iyalinsa bai damu ba. Ita kuwa zagi ce, babu mai kiran kansa da ita.

Abin lura ne cewa mu mutanen karkara ba baƙin aro da musaya ba ne. A ƙasa irin tamu, inda gona ke jingine da gona kuma katangar wannan ita ce ta wancan, kusan komai yawo yake yi. Ana aron jaki a kai taki, ana aron shanun huɗa, ana aron turmi da tsani da babbar tukunyar biki. Ana musayar irin wake da na gero. Ana jinginar da gona, ana gayya, yau a gonarka gobe a tawa. Har wuta ana ɗiba a maƙwabta. Harshen da ya ƙware haka wajen rarrabe aro da bashi da jingina da kyauta, rashin wannan kalma guda a cikinsa ba talauci ba ne. Iyaka ce aka ja aka bar ta.

To sai dai kafin mu fara yabon kanmu, bari mu leƙa ɗakinmu. A nan ne watan nan guda ya fi ba ni wahala.

Larabawan Jahiliyya sun san abin da sunansa. Masu tafsiri, ciki har da Alƙurɗubi, sun kawo a ƙarƙashin aya ta 52 ta Suratul Ahzab cewa akwai al'adar da ake kira badal, mutum ya sauka daga kan matarsa ya bar wa wani, wancan ma ya bar masa tasa. Nana A'isha, a hadisin da Buhari ya ruwaito game da aure iri huɗu na wancan zamani, ta ambaci istibda'i, inda miji da kansa ke tura matarsa wajen wani babban mutum don neman ɗa mai daraja. Musulunci ya rushe waɗannan. Ya kuma hana wani da ya fi kusa da mu, wanda malaman fiƙihu ke kira shigaru: ka aurar mini da 'yarka ko ƙanwarka in aurar maka da tawa, babu sadaki a tsakani. Yana cikin Muwaɗɗa, yana cikin Risala, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ɓata irin wannan aure ake yi ko da an tare. Dalilin a fili yake. Sadaki na mace ne, a nan kuwa an mayar da kowace mace sadakin 'yar'uwarta.

Maƙwabtanmu Tibi sun daɗe a kan irin wannan tsari, suna kiransa yamshe, har gwamnatin Turawa ta soke shi a 1927. Akiga Sai ya ba da labarinsa a littafin da Rupert East ya fassara aka buga a 1939, East ɗin nan dai namu na Zariya da ya shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja. Mu kuwa mukan ce ba ma yi. Amma wane ne cikinmu bai san gida biyu da aka yi auren ba-ni-in-ba-ka ba, aka ambaci ɗan sadaki don a rufe bakin malamai? Na ga irinsa da idona a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Aure ɗaya ya yi tsami, mijin ya saki matarsa. Kafin mako ya zagayo aka turo wa ɗaya gidan ƙanwarsa da takarda a hannu da goyo a baya, ba ta yi wa kowa laifi ba, mijinta ma yana kuka ya rubuta takardar. A ranar ɗaurin auren an ce kowa ya yarda.

Wanda ya fi duka kama da abin da Turawa ke yi, in muka cire son kai, shi ne auren kisan wuta. Mutum ya yi wa matarsa saki uku cikin fushi, gari ya waye ya yi nadama, shari'a kuwa ta ce ba za ta koma masa ba sai ta auri wani mijin aure na gaskiya. Sai a nemo wani, a yi magana da shi a ɓoye, wani lokaci har da ɗan abin goro, ya aure ta ya kwana ya sake ta. Ku ƙirga masu yarda: tsohon miji ya yarda, shi ne ma ya shirya, sabon ya yarda, matar ta yarda, sau da yawa waliyyi ma ya sani. Mace ta fita daga hannun namiji zuwa hannun wani ta dawo, da sanin kowa. Bambancinsa da na Montreal shi ne an kira mutane an raba goro an shafa fatiha. Malikiyya ba su ɗauki wannan a matsayin abin da ke halatta ta ga na farko ba, kuma hadisi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.

Yanzu ku dubi sunan da muka raɗa masa. Kisan wuta. Wanda ya kashe wuta ai taimako ya yi, gobara ce ta tashi a gidan maƙwabci ya kawo guga. Sunan ya mayar da ɗan haya ɗan agaji, ya kuma share matar daga jimlar kamar yadda lilon Turawa ya share ta. A ruwayar Ibnu Majah kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta irin wannan mutum da bunsurun da ake arowa. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ake aron bunsuru a yi da shi, ya kuma san ana mayar wa mai shi da safe. Ga suna biyu a kan aiki ɗaya, ɗaya yana sa mutum ya ji kunya, ɗayan yana sa shi ya ji ya yi zumunci. Mun zaɓi na biyun muka yi ta amfani da shi har ya zama gishirin littattafanmu da finafinanmu, inda abin dariyar kullum shi ne ɗan kisan wuta ya ga wuri ya ƙi saki. Da wuya ka karanta shafi guda a kan abin da matar ta ji a daren.

Muna da wannan hali na laƙabi mai laushi a wurare da dama. Karuwa ta zama mai zaman kanta. Kishiya, wadda sunanta ya fito daga kishi bai ɓoye komai ba, mukan mayar da ita abokiyar zama. Ban ce sakaya magana laifi ne ba, rabin ladabin Bahaushe a cikinta yake, kuma akwai sakayawar da ke rufa wa mai rauni asiri. Wadda nake tsoro ita ce mai rufa wa mai ƙarfi asiri.

Tunda na ambaci kishiya, na san Bature zai ce: ku da kuke auren mata huɗu, wane baki gare ku? Amsar tana nan. A auren mace fiye da ɗaya akwai waliyyi da shaidu da sadaki, akwai ci da sha da tufafi da rabon kwana, ɗan da aka haifa ya san ubansa kuma zai ci gadonsa. Namiji ya ɗauki kaya ya aza a kansa a gaban jama'a, wancan kuwa an tsara shi ne musamman don kada kowa ya ɗauki kayan kowa. Wannan amsa ta gamsar da ni. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda muke yi da ita kanta yardar. Su sun ɗauke ta sun mayar da ita alƙali tilo, mu kuwa sau da yawa ko shaida ba ma kiranta. Shari'a ta karɓi shirun budurwa a matsayin izini saboda kunyarta, mu kuma muka faɗaɗa shirun har ya haɗiye kuka da ƙin cin abinci da gudu gidan gwaggo. Alhali Khansa'u 'yar Khizam, da mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba ta so, ta kai ƙara wajen Manzon Allah ya warware auren. A shekarun da na yi ina koyarwa na rasa ɗalibai mata masu ƙoƙari a tsakiyar zango, in na tambaya a ce mini ai ta yarda. Wata daga cikinsu na haɗu da ita bayan shekara biyu a bakin asibiti, ta durƙusa ta gaishe ni, na rasa abin da zan ce mata sai sannu.

Da ɗalibina ya dawo, na ce masa ba ni da kalma, kuma ba na son ya ƙirƙiro wata mai zaƙi ya saka a bakin jama'a, don kalma in ta shiga gari ba ta da mai kora. Na ba shi shawarar ya bar Alhajin nasa ya faɗi kalmar da Turancinta, yadda irinsu ke yi idan suna son su faɗi abin kunya ba tare da sun ji kunyar ba. Sannan matar ta dube shi ta ce, "Alhaji, me ke nan da Hausa?" Daga nan ya tilasta wa Alhajin ya bayyana da bakinsa, da aikau da karɓau, wa zai shiga ɗakin wa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba zai iya ƙarasa maganar ba." Na ce to ka rubuta yadda ya kasa.

Bayan mako uku ya sake zuwa a kan babur ɗin yayansa. Ya ce ya jingine Alhajin Amurka, domin da ya zauna rubutawa ya ga bai san komai a kansa ba sai abin da ya gani a fim. Ya koma kan labarin kisan wuta, irin wanda aka taɓa yi a unguwarsu yana yaro. Ya kai babi na tara, masu karatu sun rabu biyu, wasu na cewa sabon mijin ya sake ta, wasu na cewa ya riƙe abarsa, shi kuma ya rasa wanda zai bi. Na tambaye shi ita matar wanne take so. Ya yi shiru yana wasa da makullin babur, can ya ce, "Wallahi Malam, ko suna ban sa mata ba tukuna, amarya kawai nake ce mata." Aka kira magariba, muka tashi muka yi alwala.